Rainon Bakwaini a Cikin Masaki

Shekarun baya masu nisa, tun Turawa na riƙe da ƙasar nan, mahaifiyata ta haifi ƙanwata a Batsari, cikin yana wata bakwai. Ni a lokacin ban wuce shekara goma ba, kuma ni ce babba. Bayana akwai maza biyu, ɗaya ya fara bin mahaifinmu gona, ɗayan kuwa bai daɗe da yaye ba. Jikata ce ta matsa mani in ba da labarin nan ta rubuta maku, wai kullum sai na faro shi in bar shi a tsakiya.

Mu asali 'yan Safana ne. An kira mahaifina Batsari ya riƙa koyar da karatu, aka ba mu gida can bakin gari, don haka ba mu da dangi ko ɗaya a kusa. An shirya cewa kakata ta wajen uwa za ta zo idan haihuwa ta matso, ta zauna da mu har a gama jego. Sai haihuwar ta riga shirin, ana tsakiyar marka, ruwa na sauka dare da rana. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta karɓi haihuwar, ita ce ungozomar unguwa. Da ta fito ta ce wa mahaifina an samu mace, Allah ya raya, amma ya hanzarta ya ɗauko kakarmu. Ya hau jakinsa ya tafi. Yana isa Safana gulbin da ke tsakani ya kawo, ya cika ya tumbatsa, shi da kakata suka maƙale a wancan ƙetaren. Mota a zamanin sai ta kamfani, mai zuwa da kaka ta kwashi gyaɗa da auduga. Asibiti kuwa sai Katsina, kuma ko maganarsa ba a yi ba.

Da aka bari na shiga ɗaki na gan ta, sai na ja da baya. Duka cinyarta ba ta fi babban yatsan mahaifina ba, fatarta ja sumul, kukanta kamar na ɗan kyanwa. Tsohuwar ta ce irin wannan ba a goya su, ba a kwantar da su a tabarma, sanyi ne ke ɗauke su. Ta sa aka wanke babban masakin da muke zuba hatsi, ta ce a cika shi da auduga mai laushi a kwantar da ita ciki, kuma duk sanda ta ɓata a sake sabuwa.

Mahaifiyata gwanar kaɗi ce. Kowace la'asar za ka same ta a gindin bango da mazarinta da allinta, zare na fita daga yatsunta siriri. A kakar da ta wuce ta hana a sayar da audugarmu duka, ta ɓoye kwando guda, da niyyar ta kaɗe a kai wa masaƙi ya yi mana kayan Sallah. Tana kwance ta nuna mani kwandon da hannu ta ce in sauko da shi. Ƙanena babba ya gane abin da ake nufi, ya tambaya ko har da rigarsa a ciki. Aka ce har da ita. Ya koma bayan rumbu ya yi kukansa, ya share ido ya dawo ya zauna.

Haka tsakar gidanmu ta koma wurin aikin auduga. Ni ke gurzawa a kan dutse in raba ta da angurya, sannan in shiɓe ta da ɗan baka har ta tashi fara fat. Ƙanena yana tsince ƙwayar da ta tsere mani, yana tarawa a ƙoƙo. Ƙaramin kuma an ba shi aikin korar kaji, amma abin da ya fi iyawa shi ne ya liƙa auduga a haɓa da yawu, ya ɗauki kara yana dogarawa, wai shi ne limamin gari. Ko mahaifiyata da ke fama da jikinta sai ta yi dariya idan ya leƙa ɗaki yana yi mata gaisuwar manya.

Girki ma kaina ya dawo. Tsohuwar takan zo safe da yamma ta yi wa mahaifiyata wankan ruwan zafi da ganye, ta dama mata kunun kanwa, amma tana da nata gidan da gonarta. Matan unguwa sukan aiko da abin da ya sawwaƙa, sai dai damina ce, kowa rumbunsa ya yi ƙasa. Kafin nan ni iyakar gwanintata tuwon ƙasa ne a cikin ɓawon gyaɗa. Mahaifiyata daga cikin ɗaki take faɗa mani: yanzu ki yi talge, yanzu ki zuba gari, ki riƙe tukunyar da ƙafa. Muciyar ta kusa kai tsawona. Tuwona na farko gudaji ya fi tuwon yawa, miyar kukar kuma na zabga mata kanwa har tana ɗaci. Ƙanena ya kai loma ɗaya ya ce shi azumi yake yi. Ƙaramin ne kaɗai ya cinye nasa ya lashe ƙwarya, shi ya sa har ya bar duniya ban taɓa iya yi mashi faɗa ba.

Abin da ya fi damun manya, wanda ni ban gane ba sai daga baya, shi ne zazzaɓi ya kama mahaifiyata kuma nono bai kawo sosai ba. Ɗan abin da ake samu, jaririyar ba ta da ƙarfin ja. Kullum kukan nata yana ƙara yin ƙasa.

Wata rana da hantsi, ruwa ya ɗan tsagaita, kowa ya tafi gona, na ɗora tukunya ina tuƙi. Sai na ji an kira sunana daga ɗaki. Ku yaran yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba. Ni ɗiyar fari ce, kuma a al'adarmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari saboda kunya. Tun da na yi wayo, “ke” take ce mani, ko ta ce wa ƙannena su kira yayarsu. Ranar nan sunana ta kira, cikakke, da wata murya da ban san ta da ita ba. Na saki muciya na ruga.

Na same ta ta jawo masakin kusa da ita. Ta ce, “Taɓa ta. Ni jikina da zafi, ba na iya ganewa.”

Na sa hannu. Jikin yarinyar ya yi sanyi kamar randa, leɓenta ya canza launi, ƙirjinta na motsi kaɗan-kaɗan. Mahaifiyata ta dubi fuskata, ta ce in nemo mutum, ko wane ne.

Na fita a guje ba ko ɗankwali. Gidan tsohuwar ba kowa, na kusa da shi ma haka. A kan hanyar da ta fito daga daji na hango wata Bafulatana da ƙwaryar nono a ka da goyo a baya. Na san ta, takan biyo ta ƙofarmu da talla, amma gaisuwa kaɗai ke haɗa ta da mahaifiyata. Ban ko gaishe ta ba, na kama bakin zanenta ina ja. Ban san abin da na faɗa mata ba. Ta dai biyo ni.

Tana shiga ta sauke ƙwaryarta, ta kwance ɗanta ta miƙa mani. Ta ɗago jaririyar daga cikin audugar ta kwantar da ita a ƙirjinta, fata da fata, ta ja zane ta rufe. Ta ce wa ƙanena ya kawo garwashi a kasko ya ajiye daga bakin ƙofa. Sannan ta riƙa matso nononta a yatsa tana shafa wa yarinyar a leɓe, ɗigo-ɗigo, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Mahaifiyata na karanta duk abin da ya zo bakinta. Ni ina tsaye da ɗan mutane a kafaɗa, yana jan kitsona. An daɗe a haka, har rana ta take. Can sai matar ta ɗago kai ta ce wa mahaifiyata, “'Yar'uwa, ta kama.”

A lokacin ne muka ji ƙauri. Tuwona ya ƙone ƙurmus, ƙaramin ƙanena na zaune gaban murhu yana kallon hayaƙi, bai kira kowa ba. Na kankare abin da ya kankaru na kawo wa baƙuwar cikin kunya. Ta ci da hannu ɗaya, ɗayan na tallafe da ƙanwata, ta ce tuwon ya yi, sai dai gobe in rage wuta. Daga jin “gobe” na san za ta dawo.

Ta kuwa dawo. Kullum sai ta biyo da safe kafin ta shiga gari, ta sake biyowa idan za ta koma ruga, har zazzaɓin mahaifiyata ya sauka nononta ya kawo. Mahaifina da kakata sun iso ana gobe suna, masu fito suka ƙetarar da su. Kakata ta duba masakin, ta duba tulin anguryar da muka tara, ta ɗanɗana miyata, ta karɓe muciyar. Mahaifina ya je har ruga ya yi godiya, ya kuma shaida wa mutane cewa ɗan matar nan da ƙanwata sun zama 'yan'uwa na shayarwa. Sallar shekarar da tsofaffin kayanmu muka yi ta, ƙanena ya je idi da riga iya cibiya.

Idan na tuna lokacin nan, tsoron ba ya dawo mani sosai. Abin da ke dawowa shi ne yadda muka cika ɗan gidan nan da hayaniya, kowa da aikinsa, har wanda bai iya magana sosai ba. Na koyi cewa yaro yana iya ɗaukar abin da ya fi tsammanin manya idan ya ga da gaske ana buƙatarsa, kuma tun daga nan ban taɓa barin mai talla ta wuce ƙofata ba tare da na tambayi lafiyar gidanta ba.

Ƙanwata tana nan da ranta a Safana, ta fi mu duka tsawo da murya, jikokinta sun cika gida. Duk sanda na ba ta labarin nan sai ta yi dariya ta ce, “Yaya, ke dai akwai ƙari.” Da can nakan ce ta tambayi Inna, ko ta tambayi yayyenta maza. Yanzu babu wanda zan tura ta wurinsa, sai in ce mata to, shi ke nan, zo mu ci abinci.