Ranar da Ƙanƙara Ta Kulle Min Mota a Turaif

In kun so ku yarda, in kun ƙi ku bari, amma ni ɗin nan da aka haifa a unguwar Misfala ta Makka, inda zafi ke dafa ƙwai a kan murfin inji, na taɓa tsayawa ina roƙon ƙofar motata kamar mai roƙon gafara, saboda ƙanƙara ta ɗinke ta. Ko na tsufa har na mance lambar ikamata, wato katin zamana a Saudiyya, ba zan mance safiyar nan ba.

Ƙanwata ce aka kai aure Turaif, can arewacin Saudiyya, kusa da bakin iyaka. Mijinta direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a hanya. Da cikinta ya tsufa, sai Inna ta ce atafau a gabanta za a haihu, ni kuma mai mota ni ne jakin gidan. Muka ɗau hanya cikin hunturu, muka yi ta tafiya har na fara zargin mun wuce ƙarshen duniya ba mu lura ba.

To ku sani, ni da wankin mota na fara neman abinci a unguwar Aziziyya. A wurina mota ta kwana da ƙura abin kunya ne, kamar mutum ya je Juma'a da rigar barci. Muna isa bayan la'asar, ko shayi ban ƙarasa ba na jawo tiyo. Na yi mata wankin 'yan Makka, na bubbuɗe ƙofofi, na feshe robar bakinsu har lungu, na mayar na rufe da ruwan a jiki. A garinmu kafin ka nannaɗe tiyo rana ta gama shanye shi.

Maƙwabcinsu, wani dattijo Balarabe mai kiwon tumaki, yana zaune a ƙofar gida cikin wata rigar gashi da ta kai nauyin rago biyu. Ya ce, "Ya waladi, yau da sanyi. Goge bakin ƙofar motar nan ya bushe."

Na yi dariya na ce, "Ya ammi, motocin da na wanke sun fi tumakinka yawa."

Ya kalle ni, ya kurɓi gahawarsa. Yau in na tuna wannan kallon, sai in ji kamar in nutse.

Da safe, ana idar da sallar Asuba, Inna ta buga min ƙofa: "Tashi, naƙuda ta zo, ruwa ya fashe!" Mijin yana can wata uwa duniya da kaya, a waya kawai yake ihu a kai ta asibiti yanzu yanzu. Na fito a guje da silifas. Motar ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata sukari. Na danna makulli, na ji ƙarar buɗewa, na ja hannun ƙofa. Ko gezau. Na zagaya duka huɗun, kowacce kamar an yi mata walda. Na taka jikin motar da ƙafa na finciko da ƙarfin tuwo, sai ga hannun ƙofar direba a tafina, ni kuma a ƙasa.

Daga bakin gida na ji ƙanwata tana kiran sunan Allah da wata irin murya da ban taɓa ji ba. Nan wasa ya fita daga kaina. Na ruga kicin na sunkuto butar shayi tana tafasa, na nufi gilashi.

"La, la, la! Ajiye!"

Dattijon ne, ya dawo daga masallaci. Ya ƙwace butar ya ce, "Ka zuba wannan, gilashin ya tarwatse, sai ka kai ta asibiti a kan iska." Tasa motar ɗansa ya kwana da ita wurin tumaki, don haka tawa ce kaɗai a layin. Ya sa Inna ta sirka ruwan ya koma ɗumi, ya zaɓi ƙofar da ke jikin katanga, wadda iska ba ta daka sosai ba, ya riƙa tsiyayawa a hankali ta bin tsagar bakinta. Sannan ya ce, "Kada ka ja. Tura."

"In tura ƙofar da nake so ta buɗe?"

"Jiya ma ka fi ni sani. Tura!"

Na jingina kafaɗa na danna ciki. Na ji ƙas, ƙas, ƙanƙarar tana karyewa. Ya sa yatsu biyu ya ja, ta buɗe kamar ba ita ba. Wallahi na ga ƙofofi a rayuwata, ban taɓa ganin mai kyan wannan ba. Ya tuɓe rigar gashinsa ya lulluɓa wa ƙanwata, ya goge robar da ƙyalle don kada ta sake kamawa a hanya, ni kuma na tsallaka kujerar direba ta ciki kamar ɓarawo.

Mun isa, ko zama ban gama yi ba aka ce ta sauka, mace, lafiya lau. Malamar asibiti ta ce da mun ƙara jinkiri kaɗan da a titi za a yi ta. Na koma bayan gini na yi kuka, na ce wa mutane sanyi ne ya shiga idona.

Da yamma na je na sumbaci kan dattijon. Ya ƙi karɓar komai, sai ma ya ba ni wani ɗan gwangwanin mai, ya nuna min yadda ake busar da robar ƙofa a shafa mata sama-sama kafin sanyi ya sauka. Har yau ina sa shi a addu'a. A wurinsa na koyi cewa gwanintar Makka a Makka take aiki, in ka shiga garin mutane ka rufe baki ka saurari mai rigar gashi.

Gwangwanin yana nan a motata. Kwanaki, cikin tsakiyar zafi, Inna ta tarar da ni a ƙofar gida a Misfala ina shafa wa robar mai, gumi na zuba. Na ce mata rigakafi nake yi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce:

"Da kunnenka ka shafa wa tun ranar da bawan Allah ya yi maka magana, ai shi ne ya fara daskarewa."