Idanun Shanu a Bokitin Fenti

Na zaɓi karatun fiziks ne don ba na son ganin jini. Ko kaza aka yanka a gidanmu, ba na fitowa tsakar gida sai an wanke wurin. Na ɗauka ba abin da zan taɓa sai waya da gilashi da alli. Haka kuwa aka yi har shekarata ta uku a jami'a a Samaru, lokacin da aka ɗora mana wani darasi wai shi bayofiziks. Malamin, wani dattijo mai sanyin murya, ya ce darasin duba jikin mai rai ne da ma'aunin fiziks: yadda jini ke gudu kamar ruwa a bututu, yadda saƙo ke bin jijiya da 'yar wutar lantarki, yadda ido ke tattara haske. Bayanin ya yi mini daɗi, sai da ya rufe da cewa kowane mutum biyu su zo da idanun shanu, sababbin yanka.

Wadda aka haɗa ni da ita 'yar kudancin Kaduna ce, 'yar wani malamin coci, ba abin da ke tayar mata da zuciya. Da sassafe muka nufi kwata ta wajen Sabon Gari da wani tsohon bokitin fenti. Tun daga nesa ƙarnin ya tare mu. Jini da kashin tumbi sun cakuɗe a ƙasa, silifas ɗina yana nutsewa yana fitowa da ƙyar, ƙudaje kuma ba su san kora ba.

Da muka gaya wa wani mahauci abin da muke nema, ya dube mu ya ce, "Miya za ku yi da su, 'yan mata?"

Ta ce, "Karatu za mu yi, baba."

Ya jawo kan wani sa da aka yanka, ya zura tsinin wuƙa, ya ƙwaƙulo idon da kitsensa da wata farar jijiya tana reto, ya jefa a bokiti. Na juya baya, amma ina jin faɗuwar kowane ɗaya.

A bas ɗin komawa ni na rungumi bokitin. Wajen Kwangila direba ya taka burki, murfin ya goce, ruwan ciki ya zubo mini a zani, da ɗumi-ɗuminsa. Wata 'yar kasuwa da ke gefena ta leƙa, ta ga idanu suna kallonta, ta ɗauke kwandonta ta matsa can jikin ƙofa. Har muka sauka ba ta daina hararata ba.

A ɗakin gwaji abokiyar tawa ta riƙe reza, ni na danne idon da yatsu. Yana da santsi, yana zillewa. Da rezar ta shiga sai wani baƙin ruwa ya tsarto, wani abu mai yauƙi kamar majina ya biyo baya. A cikinsa muka tsamo ɗan ƙwallo garai-garai, mai taushi. Muka ɗora shi a kan tsohuwar jarida, haruffan suka kumbura. Muka ɗaga shi saitin taga, muka auna inda hasken ya taru a kan farar takarda. Na yarda abin mamaki ne, amma numfashi ta baki nake yi.

Ɗan ƙwallon da ke cikin ido na biyu ya fito fari fat, ba a ganin komai ta cikinsa. Malam ya ɗauke shi a tafin hannu ya kira sauran ɗalibai.

"Wannan ita ce yanar ido," in ji shi. "Sinadarin da ke ciki ne ya dunƙule, kamar yadda ruwan ƙwai ke yin fari a kan wuta. A asibiti cire shi ake yi, a sa na roba."

Nan na tuna kakata. Ina yarinya wani mutum ya zo ƙauyenmu, ya yi mata aikin ido da allura a zaure. Ta ga haske na ɗan lokaci, daga baya idon ya yi ja, ya yi ta ruwa, ya mutu.

Na ce, "Malam, masu yi da allura fa, ina suke kai shi?"

"Ba sa cirewa. Tura shi suke yi ya faɗa can cikin idon. Yana nan kwance."

Ashe da wannan farin abu a cikin idonta aka binne ta, mutumin kuwa har fura aka dama masa a gidanmu, aka raka shi da godiya. Ban san lokacin da na fita ba. A bayan ginin na amayar da kokon da na sha da safe.

Abokiyata ta biyo ni da ruwan leda, ta jira na kurkure baki, ta ce, "Taso mu ƙarasa, sauran awo ɗaya."

Muka koma muka ƙarasa. Da muka fito ta tsaya a bakin ƙofar makaranta ta sayi dafaffen ƙwai, ta ɓare, ta miƙo mini rabi. Na girgiza kai. Har shekarar ta ƙare ban iya cin ƙwai ba.