Kaset ɗin da ya tafi Ollelewa

Ranar da aka kawo ni Tanout, abin da na tarar a ɗakin mijina katifa ce, da butar shayi, da wani akwatin ƙarfe cike da kaset. Duk na rege ne, kiɗan mutanen nan masu gashi kamar igiya. Tun yana yaron mota a hanyar Agadas yake tara su. Kowa a gari ya koma jin waƙa a waya, amma shi da abokansa sun ce wannan ba sauraro ba ne. Fadarsu ta shayi a ƙofar gidanmu take, zana ce kawai tsakaninmu, duk gardamarsu ina ji ina tankaɗe.

Akwai wani baƙin kaset a wurin tela, babban abokin mijina. A ƙyalle yake naɗe shi. In an zo zancensa sai a rage murya. Mai faci, wanda ya fi kowa baki a fadar, yakan ce wanda bai ji wannan ba bai ji rege ba, ya je ya saurari kukan jaki.

Akwai kuma wani kore a akwatinmu, gidansa ya tsage, ba rubutu a jikinsa, ba wanda ya san mai waƙar. Kiɗansa da sauri, ga wani usur da ake busawa a tsakiya. Mijina ya raina shi, wai kiɗan ƴan biki ne.

To wannan koren shi ne kaɗai ke sa ƴata ta yi shiru. Ita ce ta fari, kuma mai kuka ce. Na kai ta likita har matar da ke duba yara ta gaji da ni, ta ce, "Madam, lafiyarta lau, murya ce Allah ya ba ta." Amma da an danna koren, sai ta ɗora tafin hannu a kan rediyo, ta yi ta gyaɗa kai har barci ya ɗauke ta.

Da lokacin yaye ya yi, Inna, uwar mijina, ta aiko daga Ollelewa a kai mata yarinyar. Ba nono, ba ni, ga baƙin fuskoki. Na riƙa ganin za ta yi kuka har ta shiɗe, ko ta ƙi kunu ta rame. Sai na ƙudurta a raina zan haɗa ta da rediyo da koren. Ina ta jiran ranar da maigida zai kasance cikin fara'a in faɗa masa.

Ban kai ga faɗa ba, wata la'asar na ji su ta zana ana ciniki. Mijina ya daɗe yana roƙon tela baƙin nan. Ran nan tela ya ce, "To kawo waɗancan na sama, ka haɗa mini da koren." Ni dai na lura tela bai ja zancen ba ko kaɗan. Kafin in samu mayafi in leƙa, na ji ƙarar kofuna. A fadarsu, in aka yi musaya aka sha shayi na uku a kanta, ba a warwarewa. Ko ɗan'uwanka ne.

Ya shigo da baƙin riƙe a hannu biyu, ya ce in kashe murhu kada hayaƙi ya taɓa shi. Ya danna. Wani mutum ne ke nishi a hankali kamar mai ciwon haƙori, ganga na binsa a baya da kasala. Ƴata ta ɗora hannu a kan rediyo, ta dube ni, ta dubi ubanta, ta tsandara ihu.

"Wannan sai mai zurfin tunani," in ji shi, ya lumshe ido yana kaɗa kai. Ina jijjiga yarinya ina kallonsa. Kaɗa kan ya riƙa raguwa, can sai na ji minshari.

Da ya farka na faɗa masa komai, ina hawaye. Ya ce, "Ke, an sha na uku." Na ce to shi zai kai ta Ollelewa, shi zai zauna da kukan, kuma shi zai yi wa Inna bayani. Da ya ji sunan Inna sai ya ce zai yi wa tela magana.

Washegari na kafa turmi daf da zana, ban daka komai ba.

"Aro nake so, ba warwarewa ba," in ji mijina. "Don yarinya."

"Kiɗan ƴan bikin?" in ji tela. "Haba, malam, kai da ke da babban kaya a ɗaki! Ka sa mata shi mana."

"Na sa. Ba ta kai shekarunsa ba."

Mai faci ya ce, "Kai ka kai? Faɗa mana waƙar da ke ƙarshen bayan kaset ɗin."

Mijina ya hau kame-kame. Aka tuntsire da dariya. Mijina ya hasala ya ce to shi mai facin ya faɗa. Mai faci ya ce ai ya daɗe bai ji ba. Aka juya kan tela, tela ya ce shi dama gaban ya fi so.

Duk da haka tela bai bari ba. Ya ce zai ba da aro in mijina ya faɗa da bakinsa, kowa na ji, cewa koren ya fi. Na riƙe taɓarya ina addu'a, don na san girman kan mutumina. Ya yi gyaran murya, ya ce ai kowane da ranarsa. Tela ya ce bai ji ba. Daga ɗaki yarinya ta farka ta soma.

"Ya fi! Koren ya fi, ba ni abin nan!"

Tela ya ɗaga murya ta kan zana, "Matarmu, kin ji ko? Ke ce shaida!"

Ranar kasuwa aka tafi da ita, rediyo a cikin buhu, na cusa pil, wato batir, a kowane lungu na kayanta. Na yi kwanaki ba na iya cin abinci, duk motar da ta tsaya sai in fito. Sai ga saƙon Inna ta bakin wani direba: yarinya na shan kunu har tana neman ƙari, tana barci, a aiko da wasu pil.

Da aka dawo mini da ita ta yi kumatu. Rediyo ya dawo, kaset bai dawo ba. Inna ta ce a bar mata, ita da maƙwabtanta da shi suke sussukar gero. Tela ya ce a karɓo masa kayansa, mijina ya ce ga hanya nan, ya je ya faɗa wa Inna da kansa. Har yau bai je ba.