Kawuna Mai Sasanta Duniya

"Wallahi da ni ne, a zama ɗaya zan kashe yaƙin nan!"

Kawuna Alhaji Sale ke nan, jiya bayan La'asar a majalisarmu ta bakin kasuwar Azare, rediyo manne a kunne ana labarin ƙasashen da ake yi wa ruwan bama-bamai. A cewarsa, rashin tsoron Allah ne kawai ke damun shugabannin duniya. A zaunar da su a tabarma ɗaya, a tuna musu kabari, kowa ya yafe, shi ke nan.

Bai rufe baki ba sai ga ƙaninsa, Kawu Buba, a kan babur. Tun damina ko sallama ba ta haɗa su.

Ni kuwa da neman magana, na tsayar da shi, na karkaɗe tabarma na ce, "Kawu, ga tabarma, ga Kawu Buba. A fara da na gida."

Ya kashe rediyo, ya harare ni.

"Kai yaro ne. Waɗancan makamai kawai suke harba wa juna. Wannan fa, awakinsa ne suka cinye min wake a gonata ta Disina!"

Majalisa ta kwashe da dariya, har Kawu Buba. Can sai Kawu Sale ya ɗan matsa gefe, ya ce, "Zauna. Amma ban yafe ba."

Yaƙin nesa sauƙin sasantawa gare shi. Jama'a, ku faɗi gaskiya, ku wa ya cinye muku wake?