Ƙasar da Ta Koyi Cin Mai

Ranar wata Alhamis ce, bayan ƙaramar salla da kaɗan, a shekarar da geronmu ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba. Ina aji biyar a firamare. Na kai wa Baba fura lambu da hantsi, sai na tarar da wata akori-kura kwance a bakin fadamarmu, tayoyinta a sama, ɗaya ma tana ta juyawa. Gangunan man gas ta ɗauko za ta tsallaka da su Nijar ta hanyar daji, yashi ya kayar da ita. Direban ya fito lafiya lau, har yana neman takalminsa. Ganguna kuwa sun fashe, man ya gangaro ya bi magudanar da Baba ya haƙa da hannunsa, yana shiga fangalin albasa ɗaya bayan ɗaya kamar an aike shi.

Wanda bai ga Sabon Birni a waccan shekarar ba, ba zai san abin da lambun nan yake a wurinmu ba. Rumbuna wayam suke, har kaji sun daina kewaya su. Mata na shigowa daga ƙetaren iyaka da ƙwarya a ka, ba saye ba sayarwa, neman dusa kawai. A layinmu gidaje da dama an toshe ƙofarsu da ƙaya, masu su sun yi kudu. Baba ya riga ya faɗa a gaban kowa, in albasar nan ba ta yi ba, za mu kwashe mu koma Sakkwato wurin ƙanensa mai turin ruwa, mu zauna ɗaki ɗaya. Ni kam ban taɓa son zancen ba. Makarantata na nan, ƙawayena na nan, kabarin mahaifiyata na nan.

Nan da nan masu lambu suka taru don taimako, kuma su ne suka ƙarasa mu. Mai lambu dai ba ya da wani magani da ya wuce ruwa. Ganye ya yi laushi, ruwa. Gishiri ya taso, ruwa. Suka hau jigo, maƙwabcinmu ya tayar da injinsa, aka yi ta kwarara ruwan da ake tattalinsa kamar zinariya, wai a wanke ƙasa. To mai a saman ruwa yake tafiya. Abin da ya tsaya a gefen hanya sai ga shi ya zagaye lambun kakaf. Tun ranar na san yawan rawani ba shi ne yawan hankali ba. Kafin Alhamis ta zagayo albasa ta yi rawaya ta kwanta, tana, tsutsar ƙasa, ta fito sama ta mutu, jakinmu ma ya ƙi taka wurin.

Sai Gwaggo Hajo ta zo daga Isa. Yayar Baba ce, tuwo take sayarwa a tasha tun rasuwar mijinta, gajeruwa mai faɗa, ba ta iya gaisuwa mai tsawo ba. Ta damƙi ƙasar ta sansana, ta kalli Baba ta ce, "Wa yac ce maka ƙasa na mutuwa? Suma ta yi." Ta ce bayan rumfarta akwai inda makanikai suka shekara da shekaru suna zubar da baƙin mai. Inda ake zubawa yanzu baƙi ƙirin yake, amma tsohon wurin ya daina wari, har kabewa ta yi yaɗo a kai. "Waccan ƙasa ta koyi cin mai," in ji ta. "A ɗebo ta a yi iri da ita, awa yadda ake sa tsohon nono cikin sabuwar madara." Masu lambu suka sha dariya, suka raɗa wa wurinmu suna garejin Hajo. Ko kallonsu ba ta yi ba.

Buhunan ƙasar suka iso a saman bas. Gwaggo ta ce a cuɗa da kashin shanu, shi kuwa ya yi wuya, don Fulani sun tafi da dabbobinsu neman ciyawa. Ni da ƙanwata Larai muke bin tsofaffin mashekarai da kwando bayan an tashi daga makaranta, muna tsere da masu neman makamashi. Wadda ta fara ɗora ƙafa a kan kashi, nata ne. Sai a baza, a juya da fartanya don ƙasa ta sha iska, a yayyafa ruwa da gwangwani mai huji, ba a kwarara ba. Bayan 'yan kwanaki a sake juyawa. Na bar carabke, na bar 'yar gala-gala. A aji ana ce mini tankar mai, babu mai zama kusa da ni, na kuwa mari mutum biyu a kan haka. Haƙuri dai ba a raba da ni ba. Kullum sai na tona na sansana na ce ƙarya ne, wari na nan. Gwaggo takan ce, "Ke uwar gaggawa, in kin ishe ni za ni maishe ki gida ki yi daka."

Irin albasa na farko da aka zuba ya ƙone. Baba ya ɗaure tabarmi da tukwane, ya yi magana da wani mai mota. Gwaggo ta roƙe shi ya bari a gwada wake a fangalin gabas, ba don ci ba, don a ji ta bakin ƙasa. Ana tsakiyar bazara waken ya tsiro, kuma ya tsaya kore shar, bai sunkuya ba. Baba ya daɗe a tsugune a wurin. Ya tura yatsa ya ɗago ƙasa, sai ga tana tana motsi a tafin hannunsa. Da muka koma gida ya ce wa Larai ta kwance tabarmi. Yunwa kam mun sha ta har damina, tafasa da zogale sun zama tuwonmu, fangalin bakin hanya kuma ya daɗe bai farfaɗo ba. Amma ba mu tashi ba.

Sai da na shiga sakandare na san sunan waɗanda suka yi mana aikin. Malamar kimiyya ta ce a cikin ɗan yatsan ƙasa akwai ƙwayoyin bakteriya da ba su ƙirguwa, kowacce da gadon halittarta rubuce a jikinta. Wasu, a cikin gadon nan, akwai dabarar farfasa mai ya zama abinci. Inda aka daɗe ana zubar da mai, sauran su mutu, masu dabarar su hayayyafa. Abin da ya sa na miƙe tsaye a aji shi ne da ta ce ba 'ya'yansu kaɗai suke bar wa gadon ba. Ƙwaya takan miƙa wa maƙwabciyarta wani ɗan zobe na gadon, ko ba danginta ba ce, kamar yadda ake miƙo garwashi ta kan danga. Na ba ta labarinmu. Ta ce wataƙila ƙasarmu ma tana da nata 'yan kaɗan, taki da iska ne suka tashe su. Na kai wa Gwaggo wannan, ta ce, "To, su yi ta rabo, Allah shi ba su lada."

Yanzu Gwaggo ta rasu, Baba ya tsufa. Mai kuwa ya fi da yawa: kowane lungu jarka, kowace rijiya inji, ana juye baƙin mai a ƙasa ba mai ko waiwaye. Hanyar fadama ba ta biyuwa kamar da, sai a yi damina guda ba wanda ya leƙa lambun saboda tsoron 'yan bindiga. Nakan zauna a zaure in tuna can ƙarƙashin ciyawa ƙwayoyin suna nan suna aikinsu, ba su san an gudu ba. A waccan shekarar ba mu da komai, amma ƙafarmu na kaiwa inda wahalarmu take.