Injin Baba Bayan Hannunsa Ya Shanye

Har yau idan na ji ƙaurin wayar lantarki da ta ƙone, sai in tuna rumfar Baba a Magajiya, daminar da ɓarin jikinsa ya shanye.

Yana da ɗan injin sassaƙa ƙarfe da ya saya don sha'awa, daga baya ya zama abincinmu, saboda makanikan Gauraka na kawo masa ƙananan ayyuka. Injin yana da mariƙi uku da ake juyawa da hannu: ɗaya na tura teburin injin hagu da dama, ɗaya gaba da baya, na ukun sama da ƙasa. Aikin mai hannu biyu ne, Baba kuwa na hagu kaɗai ya rage masa. Makanikai suka ɗauke ƙafa. Tuwon darenmu ya koma kunu.

Maƙwabcinmu, wani ɗan kudu mai gyaran rediyo, shi ya ce a sa wa injin moton lantarki, Baba ya riƙa danna makunni kawai. Sun daɗe suna gardama. Maƙwabci na son moton tsohon injin fotokofi, mai tafiya taki-taki ya tsaya inda aka ce, sai dai ba ƙarfi. Baba ya dage kan na waifar da ke goge gilashin mota, mai ƙarfi amma ba ya tsayawa cak. Inna ta sayar da keken ɗinkinta aka sayo na waifa biyu.

Ranar gwaji ana yayyafi. Baba ya danna makunnin dama, sai haƙorin injin, wanda ke cin ƙarfe, ya nufi hagun aikin, ya daki ƙarfen da ke riƙe da aikin, haƙorin ya karye. Shi ke nan haƙorin da ya rage mana.

"Baba, ai dama ka danna, tebur kuma ya yi dama," in ji maƙwabci.

"Ba tebur nake bi ba," Baba ya ce da nauyin harshe. "Haƙorin da ke ci nake bi."

Ya kifa goshinsa a jikin injin, kafaɗarsa na rawa. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar.

Maƙwabci ya juya wayoyin, aka wasa guntun haƙorin. Amma ɗaga tebur sama ya gagari kowane moto, da an gwada sai waya ta ƙone. Sai Inna, wadda ba ta taɓa shiga rumfar ba, ta ɗaure zane ta kama mariƙi na ukun.

"Malam, faɗa mini, sama ko ƙasa?"

"Sama kaɗan. Tsaya."

Haka suka yi ta yi har muka girma, shi yana danna, ita tana juyawa.

Yanzu rumfar ta zama shagon cajin waya. Kwanan baya ɗana ya nuna mini wani inji a wayarsa, kwamfuta ke tuƙa shi, ba mutum kusa. Na ce ya yi kyau. Ban iya gaya masa cewa har kakarsa ta rasu, kantar mariƙin nan ba ta bar tafin hannunta ba.