Malam Fa'izu Kallamu, Malamin Turanci a Ƙasar Kurdawa (1969–2024)

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Fa'izu a shekarar 1969 a garin Gezawa, gabas da birnin Kano. Mahaifinsa, Alhaji Kallamu, manomin gero da gyaɗa ne wanda yakan yi fataucin kanwa da rani, kuma kakansa ne ya taso daga ƙasar Barno ya zauna a nan tun kafin zuwan jirgin ƙasa. Mahaifiyarsa, Hajiya Yakaka, da girmanta aka kawo ta daga Barno, saboda haka har ƙarshen rayuwarta Barbarci ya fi zama a bakinta. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya tara, dukkansu kuwa gona ɗaya suka dogara da ita.

Neman Ilimi

Ya fara karatun allo a hannun Malam Iliyasu, limamin unguwarsu, ya sauke Alƙur'ani yana da shekara goma sha uku. Ya yi firamare a Gezawa, ya wuce kwalejin horon malamai, sannan ya samu digiri a fannin Turanci a Jami'ar Bayero a shekarar 1995. Abokan karatunsa sun shaide shi da ƙarancin magana da yawan haƙuri.

Aiki da Aure

Ya koyar a makarantun sakandare na ƙasar Minjibir da ta Makoda tsawon shekara goma sha bakwai, yana zuwa a kan babur, cikin azuzuwan da ɗalibai sukan haura ɗari, rabinsu zaune a ƙasa. A shekarar 1997 ya auri Malama Asama'u, 'yar wani malamin Islamiyya a Minjibir.

Bayan rasuwar mahaifinsa a 2009 aka raba gonar gado, abin da ya faɗo masa kuwa bai isa ciyar da gida wata uku ba. Ga ɗawainiyar mahaifiya, ga ta ƙanne. Ana cikin wannan hali wani tsohon abokin aikinsa mai suna Naziru, wanda ke koyarwa a ƙasar waje, ya sanar da shi cewa wata makarantar kuɗi a yankin Kurdawa na arewacin Iraƙi tana neman malamin Turanci. A watan Satumba na 2012 ya tafi, da niyyar yin shekara biyu, ya bar Malama Asama'u da tsohon ciki.

Zama Cikin Kurdawa

Makarantar tana wani ƙaramin gari ne a tsakanin duwatsu, arewa da birnin Erbil. Tun a makon farko mai makarantar ya nemi ya riƙa gaya wa iyayen yara cewa daga Amurka yake, domin Bature suka so a kawo musu. Malam Fa'izu ya ƙi. Wasu iyaye suka janye 'ya'yansu, sauran suka zauna, suna kiransa Mamosta, wato malam a harshensu.

Ya kama ɗaki a saman gidan wani dattijo mai shagon yadi, Kak Sherwan. Rayuwarsa a wannan ɗaki ba ta sauya ba har shekara tara. Bayan sallar asuba yakan sayo gurasa mai zafi a bakin layi, ya ci da kindirmo, ya sha shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi. Da safe ya koyar da yara, da yamma ya koyar da samari masu neman aiki a kamfanonin mai ko masu shirin barin ƙasar. Wutar gwamnati takan ɗauke sau da yawa a yini, sai a jira janaretan unguwa, darasi kuwa yakan tsaya har ta dawo. Da sanyi ƙanƙara takan rufe hanya, ya koyar sanye da riga uku a gefen murhun kananzir, kuma daga nan ne ya samo ciwon gwiwar da bai rabu da shi ba.

Da yawa daga mutanen garin ba su taɓa ganin baƙar fata ido da ido ba. Akan tsayar da shi a kasuwa a ɗauki hoto da shi, yara sukan shafi hannunsa su duba tafinsu. A masallaci wani tsoho ya sa shi karanta Fatiha don ya tabbatar Musulmi ne, da ya ji ƙira'arsa kuma ya sumbace shi a goshi. Gayyatar cin abinci ba ta yanke masa ba, masu tasi sukan ƙi karɓar kuɗinsa, amma tambaya ɗaya ce kullum a kowane gida: me ya kawo shi, kuma yaushe zai koma. Ya iya Kurdanci gwargwadon ciniki da gaisuwa, sai dai ya taɓa gaya wa matarsa cewa ya gaji da zama abin kallo, ko da kallon na ƙauna ne.

Shekarun Yaƙi

A shekarar 2014 yaƙi ya matso kusa da yankin, malaman waje suka watse, garin ya cika da 'yan gudun hijira. Malam Fa'izu ya zauna, domin a lokacin babban ɗansa ya shiga jami'a, mahaifiyarsa kuma tana jinya. Albashi ya riƙa makara, ɗalibai suka ragu, kuma ranakun Asabar yakan je sansani ya koyar da yaran da aka raba da gidajensu.

Ɗalibin da ya fi ji da shi a ajin yamma shi ne Dilshad, ɗan wani makiyayi, wanda cikin shekara biyu ya kai yana yi wa likitocin agaji tafinta. A ƙarshen 2015 Dilshad ya bi masu ƙetare teku zuwa Turai, kwalekwalensu ya nutse tsakanin Turkiyya da Girka. Malam Fa'izu ya je ta'aziyya ya zauna can baya. Mahaifin yaron ya taso ya kama hannunsa ya ce: "Mamosta, kai ka buɗe masa baki, ni na sayar da tumaki na ba shi guzuri. Ba kai ba ne, ba ni ba ne." Washegari ya shiga ajin yamma ya tarar da sababbin ɗalibai, dukkansu da irin wannan niyya, ya ɗauki alli ya fara koya musu Turanci daga gaisuwa.

Rasuwar Mahaifiyarsa

A watan Oktoba na 2017 Allah Ya yi wa Hajiya Yakaka rasuwa. A lokacin an dakatar da jiragen ƙasashen waje daga filayen jirgin yankin saboda saɓanin siyasa, takardar zaman da ke hannunsa kuma ba ta ba shi damar bi ta Bagadaza ba. Ta waya ya ji an kai ta.

Kak Sherwan ya rufe shagonsa, ya shimfiɗa darduma a zaurensa, ya ce: "Uwar baƙona uwata ce, a nan za a yi zaman makoki." Kwana uku mutanen gari suna zuwa suna karanta Fatiha ga matar da ba su taɓa gani ba. Wani dattijo a cikinsu ya tambaye shi da wane harshe take yi masa magana. Ya ce da Barbarci take yi masa, shi kuma yana amsa mata da Hausa, domin bai iya ba. Dattijon ya ce su Kurdawa an ɗaure su a kurkuku a kan harshen iyayensu, bai taɓa jin wanda ya bar nasa ba tare da an tilasta masa ba. 

Dawowa Gida

Ya yi niyyar barin aikin a wannan shekara, amma aurar da 'ya da karatun ƙanenta suka sa ya ƙara wa'adi har sau biyu. A tsawon zamansa, sau ɗaya yakan zo gida a shekara biyu, ya yi wata guda ya koma. A watan Disamba na 2021 ya dawo Gezawa gaba ɗaya, da hawan jini da ciwon gwiwa, ya gina ɗakuna uku, ya sayi 'yar gona a hanyar Minjibir.

An yi masa tayin koyarwa a makarantu biyu, ya nemi afuwa. Yakan yini a ƙofar gida da butar shayi, samari suna zuwa neman ya nuna musu hanyar fita waje. Har babban ɗansa Ridwan ya zo masa da wannan buƙata. Ya ce masa: "Ba zan hana ka ba, amma ba da hannuna ba." Ridwan ya yi fushi na wani lokaci, daga baya ya kama noman gonar.

Rasuwa

Malam Fa'izu ya rasu ranar Talata, 14 ga Mayu 2024, daidai da watan Zulƙida 1445, a gidansa, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara hamsin da biyar. An yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar garin, kusa da mahaifinsa.

Ya bar matarsa Malama Asama'u da 'ya'ya huɗu: Ridwan, manomi a Gezawa, Khadijat, tana aure a Makoda, Tahir, ɗalibin koyon aikin jinya a Kano, da auta Raudatu, 'yar aji shida a firamare, wadda aka haifa wata biyu bayan tafiyarsa, kuma duk zamanta da mahaifinta bai cika shekara uku ba. Allah Ya hutar da shi, Ya yalwata masa makwanci, Ya raya abin da ya bari.